Yadda Ake Zama Ɗan Wasan Kwaikwayo Mai Cin Abinci da Sana'arsa: Daga Daɓe Zuwa Gaban Kamara

Mafi yawan matasan da ke zarya a ofisoshin 'yan fim na titin gidan Zoo a Kano suna zuwa ne da hoton manyan jarumai a zuciyarsu, wato waɗanda ake ganin fuskarsu a fosta, ake kuma tsayar da su a hanya domin a ɗauki hoto da su. Waɗannan kuwa 'yan kaɗan ne. Mutumin da ke riƙe da masana'antar shi ne ɗan wasan da yau zai fito a maigadi, gobe liman, jibi ɗan sanda, wanda mai kallo ya san fuskarsa sarai amma ba lalle ya san sunansa ba, kuma da wannan aikin yake cefane ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Bayanin da ke tafe na mai son zama irin wannan ɗan wasa ne, kuma an jera shi bisa tsarin da ya kamata a bi, domin tsallake mataki ɗaya yakan jawo wahala a na gabansa.

Fara da mutanen gida

Kafin ka taka ƙafa wajen kowane darakta, ka zauna da iyayenka ko wanda ke riƙe da kai ka gaya musu abin da kake nufi. A ƙasar Hausa har yanzu akwai gidajen da ke yi wa harkar fim kallon sana'ar marasa mafaɗi, kuma wanda ya shiga a ɓoye ranar da fuskarsa ta bayyana a talabijin ranar ce asirinsa zai tonu. Ga mace abin ya fi nauyi, domin kamfanonin kirki kan nemi shaidar amincewar iyaye ko waliyyi kafin su saka ta a aiki, sannan akwai maganar aure, wadda ta sa mata da yawa suka ajiye sana'ar a tsakiyar tashensu. Gara a yi wannan tattaunawa tun da wuri, a san iyakar da gida ya gindaya, kamar kwana a wajen gari ko fitowa a waƙa.

Ka koyi wasa a daɓe kafin ka nemi kamara

Wannan shi ne matakin da matasan yanzu suka fi gudu, alhali shi ne tushen sana'ar. Fim ɗin Hausa na bidiyo kansa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ya fito, domin Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin na farko, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi shi a 1990. Kafin nan kuma gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Jos sun daɗe suna cin moriyar 'yan wasan da suka goge a ƙungiyoyi, irin su Usman Baba Pategi da aka fi sani da Samanja, da Ƙasimu Yero, da Karkuzu. A Nijar ma ta hanyar ƙungiyoyin samariya da gasar matasa ta ƙasa wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa, har aka san irin su Yazi Dogo.

Saboda haka ka nemi ƙungiyar wasan daɓe a unguwarku, ko ta makaranta, ko wadda ke ƙarƙashin hukumar al'adu ta jiharku, ka shiga a matsayin ƙarami. Za a fara sa ka ɗaukar benci da ɗaura labule da kiran mutane zuwa atisaye, kuma kada ka raina wannan, domin a nan ne za ka ga yadda ake gina wasa daga karatun farko har ranar nunawa. Ka halarci kowane atisaye ko da ba ka da fitowa, ka haddace maganganun wasu, saboda ranar da wani ya yi fashi kai za a waiwaya.

Abin da daɓe ke koyarwa ba a samunsa a wani wuri. Za ka koyi ɗaga murya har ta kai ga na layin ƙarshe ba tare da ihu ba, da tsayuwar da ba ta juya wa 'yan kallo baya, da shiga a daidai kalmar da aka ce ka shiga. Za ka koyi rufa wa abokin wasanka asiri idan ya manta maganarsa, ta hanyar jefa masa tambayar da za ta dawo da shi kan hanya ba tare da kowa ya lura ba. Za ka kuma koyi jira: idan 'yan kallo suka tuntsure da dariya, sai ka riƙe maganarka ta gaba har dariyar ta fara sauka, in ba haka ba ta ɓace a cikin hayaniya. 'Yan kallonmu ba sa ɓoye ra'ayinsu, wani daga cikin taro zai iya ɗaga murya ya ba ka amsa, kuma wanda ya saba da wannan ba ya rawar jiki idan an kafa masa kamara. A ganina shekara guda ta irin wannan horo ita ce mafi ƙarancin abin da mutum zai yi kafin ya ce ya iya.

Wanda ke da halin karatu mai zurfi, akwai sashen nazarin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta shahara da dandalinta na ginin ƙasa da kuma kai wasa ƙauyuka domin wayar da kai, akwai irinsa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, sannan akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa a Jos ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya. Takardar shaida tana da amfani, musamman wajen neman aiki a gidajen rediyo da talabijin, sai dai darakta a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ba zai tambaye ka ita ba.

Ka gyara harshenka, ka kuma koyi kallon mutane

Kayan aikinka murya ce da jiki, kuma dukansu suna buƙatar horo na kullum. Ka riƙa karanta shafi ɗaya ko biyu na Hausa da ƙarfi kowace safiya kana ɗaukar kanka a waya, sannan ka saurara ka ji inda kake haɗiye ƙarshen kalma da inda kake sauri. Ka tabbatar harufan ɓ da ɗ da ƙ da ts suna fita daram. Bayan haka ka buɗe kunne ga karin harshe, domin Basakkwace da Bakatsine da Bazazzagi da mutumin Damagaram kowa da yadda yake lanƙwasa magana, kuma ɗan wasan da zai iya shiga biyu ko uku daga ciki ba tare da ya mai da su abin ba'a ba yana da kasuwar da wasu ba su da ita.

Sauran ilimin a titi yake. Ka je kotu ka zauna a baya ka ga yadda mai ƙara ke tsayuwa da yadda alƙali ke yanke magana. Ka je ƙofar fada ka ji yadda fadawa ke amsa gaisuwa a madadin sarki, ka lura da inda ake cewa ranka ya daɗe da inda ake cewa Allah gafarta malam. Ka tsaya a tasha ka saurari 'yan kamasho, ka shiga kasuwa ka ga yadda dillali ke kallon mai saye. Yawancin rol ɗin da za a fara ba ka na irin waɗannan mutane ne, fitowa ɗaya ko biyu, kuma abin da zai sa darakta ya tuna da kai shi ne ɗan ƙaramin abu na gaskiya da ka kawo, kamar yadda tsohon masinja ke riƙe fayil a ƙirji idan zai shiga ofishin maigidansa.

Rajista

Idan a Kano za ka yi aiki, dole ka san Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, domin ita ke ba masu sana'ar lasisi kuma tana da ikon dakatar da mutum ko shiri. A 2023 ta soke lasisin 'yan masana'antar ta ce kowa ya sabunta, a 2025 kuma ta dakatar da wasu finafinai masu dogon zango saboda an sake su ba tare da an kai mata ta tace ba. Darasin da ke ciki ga ƙaramin ɗan wasa shi ne ya je ofishin da kansa ya tambayi sharuɗɗan da ake bi a lokacin, ya biya abin da aka ce a inda aka ce, ya karɓi rasit ya adana. Haka kuma ka yi rajista da ƙungiyar jarumai da ke ƙarƙashin MOPPAN, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu sana'ar fim, ko wadda ke aiki a jiharka, domin ranar da rigimar kuɗi ta taso tsakaninka da furodusa, can za ka kai ƙara kafin a yi maganar kotu.

Yadda ake samun aikin farko

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce tsohuwar hanya ta ubangida: ka liƙe wa wani darakta ko furodusa ko babban jarumi, kana bin sa lokeshan kana taimakawa, har a fara saka ka a cikin taron jama'a, daga nan a ba ka magana ɗaya, daga nan fitowa guda. Hanyar tana aiki, amma ka zaɓi ubangida da idon basira. Ka duba yaransa na shekarun baya, ka ga ko sun ci gaba ko har yanzu jaka suke riƙe masa, sannan ka guji shiga rigimar da ke tsakaninsa da wasu manya, domin gaba irin ta masana'anta takan rufe wa yaro ƙofofin da bai ma san da su ba.

Ta biyu ita ce tantancewa, wadda ta ƙara ƙarfi tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kuma fito da sababbin fuskoki da yawa a shirye-shiryenta, sannan finafinai masu dogon zango na YouTube suka biyo baya da buƙatar mutane masu yawa. Ka riƙa bibiyar shafukan kamfanonin na gaskiya domin sanarwa. Ka tanadi gajerun wasanni biyu da ka haddace, kowanne kamar minti ɗaya, ɗaya mai nauyi ɗaya na raha. Ka sa tufafi masu tsabta marasa hayaniya, ka faɗi sunanka da garinku a taƙaice, ka fara. Idan aka katse ka aka ce ka sake yi ta wata fuska, to ka sani wannan ita ce ainihin jarrabawar, domin so ake a ga ko kana jin gyara. Kuskuren da aka fi yi a wajen tantancewa shi ne kuka da kururuwa, saboda masu nema suna zaton yawan hawaye shi ne iyawa.

A nan ne kuma 'yan damfara suke. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a asusunsa domin ya saka ka a fim tare da wani babban jarumi, ka rabu da shi. Ke kuma 'yar'uwa, kada ki amsa kiran tantancewa a ɗakin otal ko da dare, kada ki je wurin da ba ofishi sananne ba, kuma ki tafi da wani naki ko wata babbar mace da kika amince da ita. Wanda ya ce rakiyar ta ɓata masa rai ya riga ya gaya miki abin da yake nema.

Ranar lokeshan

Da zarar an ba ka rol, ka nemi rubutun tun kafin ranar, ka karanta labarin gaba ɗaya idan an ba ka, domin ka san abin da ya faru kafin fitowarka da abin da zai biyo baya. A da, darakta kan bayyana wa 'yan wasa abin da ake so a fitowar ne kawai su kuma su zuba maganar da kansu, kuma har yanzu ana yin haka a ƙananan ayyuka, inda horon daɓe zai cece ka. A manyan shirye-shirye kuwa ana son a faɗi abin da aka rubuta, saboda wata kalma da ka ga kamar ba ta da amfani wataƙila ita za a dawo kanta bayan kashi goma.

Ka tambayi mai kula da shirin irin kayan da za ka zo da su, domin sau da yawa ɗan wasa da tufafinsa yake aiki. Ka guji yadi mai ƙananan ratsi da fari fat mai ƙyalli, saboda suna wahalar da kamara. Ka iso kafin lokacin da aka sa ko da ka san ba za a fara da wuri ba, ka kuma zo da haƙuri, domin za ka iya wuni a zaune sai bayan la'asar a kira ka aikin minti goma.

Abu mafi rikitarwa ga sabon shiga shi ne ba a ɗaukar fim bisa jerin labarinsa. Idan an samu aron gida na kwana biyu, duk fitowar da ke faruwa a gidan za a ɗauke ta a kwana biyun nan, ko da ɗaya a farkon labari take ɗaya a ƙarshe. Don haka ka riƙe ƙaramin littafi ka rubuta lambar kowace fitowa da rigar da ka sa da hular da agogon, har da hannun da ka riƙe carbi da shi, ka kuma ɗauki hoton kanka a waya kafin ka canza kaya. Akwai mai kula da wannan a cikin ma'aikata, amma mutum ɗaya ne a kan mutane da yawa. Na taɓa ganin wani matashi ya je ya rage gemu ya yi aski tsakanin ranar farko da ta uku saboda bikin abokinsa, aka rasa yadda za a haɗa shigarsa ɗaki da fitowarsa, ƙarshe aka yanke rol ɗin aka ba wani. Muddin ba a ce an gama da kai ba, kada ka taɓa gashinka.

A gaban kamara ka rage duk faɗaɗa murya da motsin da daɓe ya koya maka. Makirufo na kusa da bakinka, don haka muryar hira ta isa, kuma idan an matso da hoto kan fuskarka, ɗaga gira kaɗan ya yi aikin da hannu biyu ke yi a dandali. Ka tsaya daidai inda aka yi maka alama a ƙasa ba tare da ka kalle ta ba, domin a nan aka saita haske. Za a ɗauki fitowa ɗaya sau da yawa, daga nesa da kusa da ɓangaren abokin wasanka, kuma dole ka maimaita motsinka iri ɗaya: idan a kalma ta uku ka ajiye kofi, to a nan za ka ajiye shi kowane karo, in ba haka ba mai tace hoto ba zai iya haɗawa ba. Kada ka daina wasa sai ka ji darakta ya tsayar, kuma lokacin da kamara ke kan abokin wasanka ka ba shi cikakken wasa kamar kai ake ɗauka, domin 'yan wasa na lura da mai yi musu haka.

Ka tuna ƙa'idar fim ɗin Hausa ta hana taɓa juna tsakanin namiji da mace, ko da a labarin mata da miji ne, saboda haka ƙauna da fushi da tausayi duk da ido da murya da tazarar tsayuwa ake nuna su. Idan akwai waƙa, mawaƙi ne ya rera a situdiyo kai kuma bakinka za ka bi da shi, don haka ka karɓe ta tun da wuri ka haddace har inda ake jan numfashi. Gidan da ake aiki a ciki kuma na mutane ne da suka yi kara suka ba da aro: ka gaishe su, kada ka leƙa inda ba a ba ku ba, ka kashe ƙarar wayarka.

Maganar kuɗi

Kunya ita ce babbar asarar sabon ɗan wasa. Ka yi maganar sallama kafin a fara aiki, ka san ko da fitowa za a biya ka, ko da yini, ko da kashi, ko kuwa jimla, ka kuma tambayi wanda zai ɗauki nauyin mota da abinci da masauki idan aikin na wajen gari ne. Idan babu takardar yarjejeniya, ka tura wa furodusa saƙo a waya cikin ladabi kana maimaita abin da kuka yi magana, domin amsarsa ta zama shaida. A ayyukan farko za a iya ba ka kuɗin mota kawai, kuma babu laifi ka karɓa sau ɗaya ko biyu don a san ka, amma ka sa wa abin iyaka a ranka, saboda wanda aka saba samu kyauta da wuya a fara biyansa.

Ka fahimci inda kuɗin ke fitowa. A zamanin kaset da faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ne ke sayen fim su rarraba, har satar fasaha da tura finafinai a waya da fassarar finafinan Indiya suka durƙusar da wannan kasuwa. Yanzu kuɗin na zuwa ne daga tashoshin talabijin da masu ɗaukar nauyi da tallan YouTube, kuma na YouTube mai tashar yake shiga wa muddin ana kallo, kai kuwa sau ɗaya za a sallame ka. Wannan ya sa rol mai ɗorewa a shiri mai dogon zango, ko da ƙarami ne, ya fi babban rol a fim guda amfani ga mai iyali.

Aikin yana da lokacin cika da na fari. Yakan ja baya a watan azumi, damina kuma takan ɓata jadawali domin ruwa a kan kwano ba ya barin a ɗauki sauti. Saboda haka kada ka saki sana'arka ta farko, ko ɗinki ce ko koyarwa ko shago, sai dai ka tsara ta yadda wani zai riƙe maka idan ka tafi aiki. Ka kuma buɗe wa muryarka wasu ƙofofi: wasan kwaikwayon rediyo, tallace-tallace, ɗora murya a finafinan fassara, gabatarwa a wajen biki, da wasannin wayar da kai da ƙungiyoyin lafiya ke kai wa ƙauyuka. Tallan magani da ba shi da rajista da tallan masu cewa a zuba kuɗi a ninka, ka guje su komai tsokar da aka nuna maka, domin waɗanda aka cuta fuskarka za su riƙe. Aikin 'yan siyasa a lokacin zaɓe yana da maiƙo, sai dai yakan raba ɗan wasa da rabin masu kallonsa.

Shirin shekaru masu zuwa

Fuskar saurayi ba ta daɗewa, kuma kowace shekara sababbi na shigowa. Tun kana tashe ka fara karɓar rol ɗin yaya da kawu da uba idan sun zo, domin kowane labarin Hausa yana buƙatar iyaye, kuma waɗanda suka iya wannan fitowa su ne ba sa rasa kira. Lokutan jira a lokeshan ka mai da su makaranta: ka zauna kusa da mai kula da ci gaban shiri ko mai tsara jadawali ko marubuci, ka koyi aiki guda na bayan kamara da za ka iya yi ranar da ba a neme ka a gabanta ba. Ka shiga adashi ko asusun ƙungiya, ka kuma yi rajista da shirin taimakekeniyar lafiya na jiharka tun kana da ƙarfi, domin mun sha ganin dattawan da suka shekara talatin suna sa mutane dariya an ɗauko su a bidiyo ana nema musu kuɗin asibiti.

Daga aikinka na farko ka buɗe littafi ka riƙa rubuta sunan shiri da shekara da darakta da rol ɗin da ka taka da abin da aka biya ka da abin da ya rage. Duk fitowar da ka ga ta yi kyau, ka nemi izinin mai shirin ka yanko ta, ka ba mai tace hoto ya haɗa maka guda huɗu ko biyar mabambanta a bidiyon da bai wuce minti uku ba, da sunanka da lambarka a farko. Shi za ka tura idan wani darakta daga Kaduna ko Jos ko Maraɗi ya ce bai san aikinka ba, kuma duk bayan shekara ka cire fitowa mafi rauni a ciki ka sa sabuwa.